Tambayi Mai Gyara: Tsohon Ampili Mai Nauyi da Sabo Mai Kamar Kwalin Ashana

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan magana ɗaya, kamar an haɗa baki. Ina rubuta amsoshin ne a shagona da ke bayan babbar kasuwar Maradi, da azahar, kuran ya tafi, ƙarfen dalma ya huce, yaron shago yana gyangyaɗi a kan benci. Ga masu karatu na ƙetaren Jibiya: abin da muke ce wa ampili a nan shi ne amfilifaya a wurinku, bafal akwatin sifika ne, kuran kuwa wutar lantarki.

*Salamu alaikum Baba mai gyara. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mini ampili Sansui da bafal biyu. Ɗaukarsa sai da hannu biyu, kuma in ya yi awa guda yana aiki samansa kamar tanda. Abokina ya sayo wani ɗan mitsitsi daga Kano, bai fi tafin hannu ba, an rubuta aji D da wat 1000 a kwalinsa. Kullum yana mini dariya wai ina goyon gawa. Amma Alhaji, aminin mahaifina, ya ce kada in kuskura in sayar, wai ƙananan nan sautinsu busasshe ne, babu mai a cikinsa. Wa ke da gaskiya?*
Wani matashi, unguwar Zariya, Maradi

Amin, Allah ya sa ya huta. Kada ka sayar, ɗana. Na fara da wannan ne don kada wani dillali ya riga ni zuwa wurinka. Sai dai dalilina daban yake da na Alhaji. In ka je gaishe shi ka ce mai gyara yana neman afuwa tun kafin ya karanta sauran.

Mutane in sun ga A, B, D sai su ɗauka ajin makaranta ne, A na masu ƙwaƙwalwa, D na daƙiƙai. Wasu kuma su ce D ɗin dijital yake nufi. Ko ɗaya ba haka ba ne. Haruffan suna nuna yadda tiranzisto, ɗan abin da ke buɗe wa wuta hanya yana rufewa, ke aiki a cikin na'urar. An riga an raba A da B da C, da sabuwar dabara ta zo sai ta gaji harafin da ke biye.

Ɗauki ɗan kabu-kabu. Aji A shi ne wanda ya murɗe totur har ƙarshe ya bar shi haka, gudun kuma da birki yake daidaita shi. Tafiya sumul, amma mai yana ƙonewa ko yana tsaye jiran fasinja, birki kuma ya yi jawur. A mafi sauƙin tsarinsa, abin da ke zama sauti bai wuce kashi 25 cikin 100 na wutar da ya sha ba. A aji B tiranzisto biyu ne ke karɓa-karɓa, ɗaya ya tura takardar bafal waje, ɗaya ya jawo ta, kowa na hutawa in ɗan'uwansa na aiki. Wuta ta ragu, amma daidai wurin miƙa hannun akwai ɗan tuntuɓe da kunne ke ji in an rage murya. Aji AB, wanda kusan duk tsofaffin na Japan irin na mahaifinka suke, an bar kowane tiranzisto a buɗe kaɗan don karɓar ta zo ba tangarɗa. Shi yakan mayar da kashi 50 zuwa 60 sauti in ana bugunsa sosai, sauran ya bi ƙarfen nan mai haƙarƙari ya fita a matsayin zafi. Tandar da kake ji ke nan.

Shi aji D bai san rabi-da-rabi ba. Tiranzistonsa ko dai a buɗe wangame, ko a rufe ruf. Ɗan kabu-kabun ya saki birki, yana murɗa totur yana saki: in gudu yake so sai ya daɗe a murɗe, in ragewa ce sai ya daɗe a sake, nauyin babur kuma ya shanye fizge-fizgen. A cikin ampili ana wannan murɗawa da saki sau 300,000 zuwa 500,000 a daƙiƙa guda, wani ma fiye. Kunnen yaro mai lafiya ba ya wuce 20,000. A bakin fita an sa rariya, wato bobin, naɗin waya ke nan, da kondansa, su tare tsakin su bar garin sauti ya wuce bafal. Tunda tiranziston ba ya tsayawa yana kokawa da wuta, kashi 90 na abin da ya sha yana isa bafal. In za a fitar da wat 100, na mahaifinka zai zubar da wajen wat 65 a matsayin zafi, ƙaramin kuwa wat 11. A garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40 a inuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

To ina Alhaji ya samo zancen bushewa? Bai ƙirƙira ba. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniyan Ingila mai suna Alec Reeves ne ya fito da ita a shekarun 1950. Na farko da aka sayar wa jama'a na kamfanin Sinclair ne, a 1964, an tallata shi da wat 10, da aka auna wajen biyu da rabi ya bayar. Sony ta fitar da nata a ƙarshen shekarun 1970. Sai a 1996 kamfanin Tripath na Amurka ya dunƙule abin a ƴar guntuwar IC ɗaya, wato ƙwayar da ta tara tiranzisto da yawa a cikinta, daga nan ya fara shiga kayan gida masu araha. A tsawon wannan lokaci aji D yana da lahani biyu na gaske.

Na farko yana cikin buɗewa da rufewar. Dole a bar ɗan tsaiko tsakanin rufewar tiranzisto ɗaya da buɗewar ɗayan, in ba haka ba su haɗu a buɗe su ƙone nan take. Tsaikon nan in ya yi tsawo yana gurɓata sauti, tsofaffin tiranzisto kuma ba su da zafin nama. Na biyu yana cikin rariyar. Ana ƙera ta ne don bafal mai om kaza, wato ma'aunin yadda yake turje wa wuta, 4 ko 8, alhali bafal ba ya tsayawa a lamba ɗaya: abin da aka rubuta a bayansa ƙiyasi ne, yana hawa yana sauka gwargwadon kauri ko sirantar sautin. In om ɗin ya haura abin da rariyar ta sani, sai siraran sautuka, irin na kuge da harafin "s" a bakin mai magana, su ɗan yi tsini. In ya yi ƙasa su dushe. Shi ya sa ampili ɗaya zai yi daɗi a bafal ɗin wane, a kai shi gidan wane ya zama kamar ana kankare tukunya.

An yi maganin duka biyun. Tiranziston yanzu sun fi na da sauri nesa ba kusa ba. Sannan wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, tun yana Philips ya tsara ampilin da ke sauraron abin da ya fito bayan rariya, ya kwatanta da abin da ya shiga, ya gyara kansa nan take, ta yadda bafal ba ya juya shi. Ya ci gaba da aikin a kamfanin Hypex na Holan, daga baya a Purifi na Denmark. Yau Marantz da NAD, waɗanda suka yi suna da ampili masu nauyi, suna sa irin waɗannan a cikin kayansu mafi tsada. In aka ɗora su a na'urar awo, dattin da ke cikin sautinsu ya gaza na tsofaffin da muke taƙama da su.

Ni ma na daɗe a sahun Alhaji. Shekara talatin ina buɗe Sansui da Pioneer da Technics, hannuna ya saba da nauyi, abin da ba shi da nauyi sai in ga kamar wasan yara ne. Abin da ya sauya ni wani abokin ciniki ne, dattijo mai son kiɗan goge, da ya rantse ko a barci aka tashe shi zai bambance. Muka rataya asabari a tsakiyar shago, shi a waje, kaya a ciki. Bafal ɗaya, waƙa ɗaya. Na sa wayata ta fitar da amo ɗaya miƙaƙƙe, na ɗora mita a bakin bafal, na daidaita tsohon Pioneer da wani aji D mai kyau har suka ba da lamba ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin gwajin, domin in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, kunne zai ce shi ya fi daɗi, ya fi cika. Na kashe maɓallin da aka rubuta wa Loudness, na mayar da bas da tirebul tsakiya. Yaro yana jefa kwabo, abin da ya faɗo shi zai jona. Sau goma. Dattijon ya ci biyar, ya faɗi biyar, abin da makaho zai ci a canki-canka. Ya ce asabarin ne ya tare sauti. Na zauna a kujerarsa ina murmushi, na ci huɗu. Ranar ban ci tuwo da daɗi ba.

Da na mayar masa da Loudness ɗin kuwa, tun bugun farko ya ce "yauwa, ga nawa nan." Man da Alhaji yake ji, rabinsa wannan maɓalli ne: yana ƙara kaurin ganga da ɗan ƙyalli a sama in murya tana ƙasa, don kunnenmu ba ya kama kauri sosai in ƙara ta yi kaɗan. Dabara ce mai kyau, ni ma da ita nake sauraro da dare. Amma ba ruwanta da aji.

Ɗaya rabin kuma ciki ne. Nauyin da kake ɗauka da hannu biyu tiransfo ne da manyan kondansa biyu kamar gwangwanin madara, rumbun wuta ke nan. In makaɗi ya doki ganga da ƙarfi, akwai ajiyar da za a ɗiba. Na abokinka fa? Ina iya cin amana in ce IC ɗin da ke ciki TPA3116 ne na Texas Instruments ko ɗan'uwansa, don su suka cika kasuwa. Abu ne nagari. Masu shi sun ce yana ba da wat 50 sau biyu a bafal mai om 4, in an ba shi bolt 21. Wat 1000 na jikin kwali kuwa mai buga kwali ne ya ba da shi. Sannan je ka duba abin da abokinka yake ciyar da shi. Galibi ƴar cajar bolt 12 ce mara nauyi. A bolt 12, ko aljani ne ya ƙera ampilin, ba zai wuce wat 18 mai tsabta a om 4 ba, a om 8 kuma wat 9. Yaro ya murɗa murya yana neman dubunsa, wuta ta ƙare, kan sautin ya gutsure, abin da ke fita ya zama tsatsa. Wannan ita ce bushewar. Yunwa ce, kuma ko Sansui ka yi wa haka kukan da zai yi ke nan. Ka ce ya nemo cajar kwamfutar hannu ta asali mai bolt 19 da amfiya huɗu da wani abu, ya sake saurara. In bobin ɗin allon, wato farantin da aka dasa kayan ampilin a kai, ƴan ƙanana ne kamar ƙwayar wake, su ma suna ƙoshi da wuri su fara ɓata sauti, wannan kuma araha ce, ba ta ado.

Yanzu dalilina na cewa ka riƙe naka. An gina shi da kayan da ake cirewa ɗaya-ɗaya. Tiranzisto ya mutu, in cire in sa wani. Allon abokinka in IC ya tafi, ƙafafunsa sun fi gashin gira siranta, sau da yawa sayen sabon allo ya fi gyaran sauƙi. Naka ya yi shekara arba'in ko kusa, zai iya ƙara ashirin. Amma ka kawo shi a duba, don na tabbata ba sautin da mahaifinka ya saya kake ji ba. Kondansa masu ruwa a ciki suna bushewa, kuma kowane ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwanansu biyu. Wanda na buɗe makon jiya, ƙurar hunturu ta yi masa bargo, zanzaro ya gina ɗaki a gindin tiransfo, kondansa huɗu sun kumbura kamar ƙosai. Mai shi yana ta yabon "taushin" sautinsa, alhali rabin sautin ne ya mutu. A sauya su da masu lamba 105, wato masu jure zafin digiri 105, a daidaita ƴar wutar da ke bin tiranzisto in yana zaune, a wanke maɓallan. Kuma ka leƙa bayansa: in an rubuta 110 ko 120, na Amurka ne, in 100 ne na cikin Japan ne, kada ya taɓa bangonmu mai 220 sai ta tiransfon ragewa.

Abu ɗaya zan gargaɗe ka a kai, ko wurin wa ka kai shi. Jabun tiranzisto sun yi yawa. An taɓa sayar mini da 2SC5200 guda goma, rubutu tsaf, na sa biyu a ampilin wani mai shayi, kafin la'asar ya dawo yana hayaƙi. Na fasa ɗaya da guduma. Ƙwayar da ke ciki ba ta fi ta gero ba, ta asali kuwa ta ninka ta sau da yawa. Na biya gyaran daga aljihuna. Tun ranar, duk ƙunshin da na saya sai na yi hadaya da ɗaya.

*Malam mai gyara, barka da aiki. Mu ne kwamitin wani masallacin unguwa a wani ƙauye kusa da Madarunfa. Ba mu da kuran, sai fanno ɗaya na hasken rana da batir ɗaya. Tsohon ampilinmu yana shanye batir kafin asuba. Yaranmu suka kawo ƙarami aji D, batir ya huta, amma kiran salla ba ya kai inda yake kaiwa da, in ladan ya ɗaga murya kuma sai ta tsage. Lasifika biyu ne masu ƙaho a sama. Mu koma tsohon?*
Wani ɗan kwamiti

Allah ya gafarta Malam, ya saka muku da alherin hidimar ɗakinsa. Yaran ba su yi kuskuren aji ba, sun yi kuskuren lissafi.

Tsohon naku, in irin Ahuja ne ko TOA da aka saba gani a masallatai, yana da tiransfo a bakin fitarsa. Shi ke ɗaga bolt 12 na batir ya kai abin da ƙaho ke buƙata, shi ya sa za ku ga ramuka a bayansa an rubuta 4, 8, 16, wani har da 70 da 100. Ƙaramin ba shi da wannan. Abin da batir ya ba shi, shi yake miƙawa. Ƙahonin masallaci yawanci om 16 ne. In yaran sun sa kowane ƙaho a tasharsa, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne bai samu fiye da wat huɗu da rabi ba. Ƙaho yana da albarka, wat ɗaya a cikinsa yakan yi ƙarar da bafal ɗin ɗaki ba zai yi da wat ashirin ba, shi ya sa har kuke jin wani abu. Amma da ladan ya ja "Hayya alas-salah" ya kai ƙololuwa, wutar ta ƙare, muryar ta tsage.

Mafita mafi sauƙi ita ce ɗan allon da ke ɗaga bolt 12 zuwa 24, a sa shi tsakanin batir da ampili. Ninka bolt sau biyu yana ninka wat sau huɗu, kowane ƙaho ya tashi daga huɗu da rabi zuwa wajen 18. In kuna da halin batir na biyu za a iya jera su su ba da 24, amma a yi hattara: lokacin da rana ke cajin su suna haura 28, IC ɗin da na ambata a sama kuma iyakarsa 26. Na ga allo fiye da ɗaya da ya mutu da tsakar rana ba wanda ya taɓa shi, dalilin ke nan. Akwai kuma ampilin masallaci da aka ƙera da aji D tun daga masana'anta, mai shan batir, da nasa abin ɗagawa a ciki. In za ku tara kuɗi, shi za ku tara wa.

Ku ja kunnen yaran a kan abu biyu. A ƙananan nan, wayar da aka yi wa alamar ragi ba ƙasa ba ce kamar a tsofaffi, ita ma wuta ce ke kai-komo a cikinta. Kada a haɗa baƙar wayar hagu da ta dama, kada a bar ɗaya ta taɓa kwanon rufi ko ƙarfen hasumiya. Mai ja da wayoyi uku zuwa sama don tsimin waya, ya sayi sabon allo. Sannan a rage bas har ƙasa. Ƙaho ba a yi shi don kauri ba, kaurin yana cin wuta a banza kuma yana ƙona ƴar takardar da ke cikinsa.

Tsohon kada ku yar. Ku ajiye shi don Idi da ranar wa'azi, in an kawo gurup, wato janareta.

*Ranka ya daɗe. Ni tsoho ne, abin da ya rage mini na duniya rediyona, ina jin labarai a gajeren zango safe da yamma. Tun da jikana ya kawo akwatin kiɗansa mai caji, da ya kunna sai rediyona ya kama shuuu kamar ana ruwa. Ya ce rediyon ne ya tsufa. Jikar tawa ce ta rubuta mini wannan.*
Wani dattijo, Dakoro

Baba, ranka ya daɗe, rediyonka lafiyarsa lau. Jikan ne ya kawo maka gidan rediyo cikin gida bai sani ba.

A nan kam aji D yana da laifin da ba zan kare shi ba. Abin da ke buɗewa yana rufewa sau 400,000 a daƙiƙa ƙaramar tashar watsawa ce. Kuma ba a nan take tsayawa ba, tana haifar ƴaƴa a 800,000, a 1,200,000, haka har sama. Matsakaicin zango yana tsakanin 530,000 da 1,600,000 ne, ka ga sun faɗo masa a tsakar gida, jikokinsu kuma su hau har gajeren zango inda kake kamo labaranka. Tashar da ta taso daga wata nahiya ta iso Dakoro a gajiye, ba za ta iya da mai ihu a ɗaki ɗaya da ita ba. Akwatunan nan masu caji da yawansu ma ba a sa musu rariyar kirki ba, don tsimi. Cajarsu ita ma irin wannan buɗe-rufe take yi, wani lokaci ta fi ampilin ɓarna. FM bai cika damuwa ba, shi yana can sama da miliyan 88.

In akwati ne rufaffe, maganinsa nisa. Taku goma zuwa ashirin yakan isa, kuma kada ya yi caji lokacin labarai. In mai wayoyi ne zuwa bafal, a gajarta su, a murɗe kowace biyu kamar igiyar guga, a zura su sau uku ko huɗu cikin baƙin zoben nan da ake samu a jikin tsohuwar wayar kwamfuta. Rediyonka kuma ka bar shi a kan batir, ka fita da shi tsakar gida. In duk an yi bai bari ba, to sa'ar labarai ta mai gida ce. A gaishe da marubuciyar, hannunta yana da kyau.

*Ina ba da hayar kujeru da rumfuna da kayan sauti na biki. Ampilina biyu manya, yara biyu ke ɗaukar kowane, gurup kuma yana kuka in an kunna su. An ce in koma aji D. Amma masu kiɗan da nake ba haya sun ce bas ɗinsa ba ya dukan ƙirji.*
Wata Hajiya, Tasawa

Hajiya, ki koma, amma da ɗaya tukuna. Manyan kamfanonin kayan taro, irin su Crown da QSC da Yamaha, sun daɗe suna yin aji D, kuma wurin bas ne ma aka fara yarda da shi tun kafin a yarda da shi a sauran sauti. Masu kiɗanki ina jin marasa suna suka gwada, masu lambar ƙarya a goshi. Ki nemi wanda aka rubuta wat ɗinsa da RMS, wato ƙarfin da yake iya riƙewa a kai a kai, a om nawa, ki yi watsi da duk lambar da ke ɗauke da PMPO, ta talla ce kawai. Mai sauƙin nauyi zai rage miki man gurup da ciwon bayan yara.

Inda za ki sa ido shi ne wuta. Tsofaffin masu tiransfo suna da haƙurin jaki, gurup ya yi sama ya yi ƙasa suna tafiya. Sababbin sashen wutarsu ma na buɗe-rufe ne, kuma wanda ba a gina da kyau ba, in gurup ya yi tari ya dawo da ƙarfi, nan yake mutuwa. A tayar da gurup ya daidaita kafin a jona, a kashe ampili kafin mai ya ƙare, a sa regilato mai ƙarfi, na'urar daidaita wuta, a tsakani. Fankarsa tana zuƙar ƙurar filin biki, duk wata a buɗe a hure. Ranar da za ki saya, ki tafi da bafal ɗinki da mai kiɗan da ya fi kowa gardama, ki sa shi ya juya baya kafin a kunna.

Kuran ya dawo, yaro ya farka, akwai talabijin uku da ke jirana. Mai tambaya a kan inbata da firji daga Gidan Rumji, taka sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, amma kafin nan ka cire firjin daga jikinta.